Gyaran Kunkuru

Asabar Legi, 6 ga azumi, bayan la'asar

Yau na yaye tamfol ɗin da ke kan Kunkuru. Shekara shida rabon da hannu ya taɓa shi. Kaza ta yi ƙwai a kujerar direba, ɓeraye sun kafa gari a inda muke ajiye janareto, gara kuwa ta cinye daɓen ɗakin tas, ina takawa ƙafata ta zurma har gwiwa. Na zauna a gindin taya na yi ta dariya, don in ban yi dariya ba wani abin zan yi.

Kunkuru tsohuwar akori-kurarmu ce. Mas Sarju, mijina, shi ya kafa mata ɗakin katako a baya da hannunsa, lokacin da muke yawon nuna majigi ƙauye-ƙauye a nan Lampung. A ciki muke kwana, a ciki nake girki, shekara goma sha huɗu. Da talabijin ta shiga kowane gida muka ɗan yi dakon rogo da ita, daga baya muka jingine ta bayan kejin kaji. Wannan littafin ma na sunayen ƙauyukan da muka zaga ne, ta baya na juya shi nake rubutu. Kowace rana ina haɗa ta da sunanta na lissafin mutanen Jawa mai zagayen kwana biyar: Legi, Pahing, Pon, Wage, Kliwon.

Jiya da muka dawo daga asibiti Mas ya ce yana so ya je gida Sallar nan. Ba wannan gidan ba, na tsibirin Jawa, can bayan garin Wonogiri, wurin Mbok mahaifiyarsa. Yana so ya durƙusa ya ɗora goshinsa a gwiwarta ya nemi gafara, yadda kowane ɗa ke yi ran Sallah. Shekara goma sha ɗaya bai taka garin ba. A kaina ne. Abin da aka faɗa a tsakar gidan Mbok ba zan rubuta ba.

Na ce a bas fa? Ya ce in gwada zaunar da shi minti goma in gani. Na ce to motar asibiti, a kwance za a kai shi. Ya kau da kai, ya kira ni yadda ya saba, Dik, wato ƙanwa.

"Motar asibiti gawa take kaiwa ƙauye, Dik. Tana shiga layinmu mata za su fara kuka. Ba zan yi wa tsohuwa haka ba."

Tafiyar kwana biyu ce, har da fiton teku. Ni tela ce, ban taɓa riƙe zarto ba sai don in miƙa masa.

Lahadi Pahing, 7 ga azumi, hantsi

Pak Ngadiyo bakanike, maƙwabcinmu, ya zo ya buɗe injin ya daɗe yana kallo yana sosa ƙeya. Ya ce, "Bu Tumirah, wannan ai ba gyara take so ba, sutura take so." Na ce shi ma haka matarsa ke faɗa a kansa tun bara, ga shi nan yana yawo. Sai da maganar ta fita muka tuna Mas na kwance a baranda yana jinmu. Shi ya fi kowa dariya, har tari ya sarƙe shi na ruga da ruwa.

An raba aiki. Inji da birki na Pak Ngadiyo ne, in ya tashi daga gareji da yamma. Ɗaki nawa. Tuƙi ma nawa, wannan kam na iya, rabin titunan Lampung ni na tuƙa su, Mas yana baya yana minshari.

Ya sha cokali bakwai na kunun shinkafa.

Talata Wage, 9 ga azumi, bayan azahar

Kwana biyu ina ɓamɓare ruɓaɓɓen katako. Abin da na zata itace ne, ina matsawa sai ya zama gari a hannuna. Bango biyu ne kawai suka tsira, sai ƙofa. Ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa ga ni nan ina fafewa.

Mas ya sa na jawo masa gadon gora bakin baranda don ya riƙa gani. Ya samo karan rogo yana nuna mini abubuwa da shi. Wai ba haka ake riƙe guduma ba, ba kunu nake damawa ba, in kama ta daga ƙarshe. Wai in cire wancan noti kafin wannan. Wai na sake sa ƙusa a karkace. Na juyo na ce in ya fi ni iyawa ya taso ya yi. Da ƙarfi na faɗa, har kaji suka watse. Ya ajiye karan a ƙasa.

Allah wadaran bakina. Azumi ne, rana ce, tsatsa ta yanke ni wuri uku, duk na sani, amma Allah wadaran bakina.

Laraba Kliwon, 10 ga azumi, da safe

Ruwa tun asuba. Na zauna ina kallon Kunkuru tana jiƙewa.

Juma'a Pahing, 12 ga azumi, bayan an sauko daga masallaci

Ya ɗauki karan rogonsa yau, alhamdu lillahi. Da na gan shi a hannunsa sai da na shiga bayan gida na share ido.

Ya ce kada in kuskura in sa katakon itacen roba a daɓe, abincin gara ne, kuma ba zai ɗauki gado ba. Sai katakon jati, mai ƙarfin da gara ba ta iya ci. Jati ɗaya ne a gidan nan, shi ne akwatin tufafin da babana ya ba ni ran aure. Na kwashe kayan na zube a tabarma, na kwance shi. Ƙofofinsa biyu sun zama daɓe, gefunansa na tsaga su na yi ginshiƙai. Madubin na jingine a bango, yana kallon bangon.

Na auna ginshiƙin farko, na yanka, ya ƙi shiga. Na biyu ma haka. Mas ya ce in kawo ya gani. Ya auna da yatsa, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ashe rarar ɗinki nake bari, yatsa biyu kowane gefe, yadda nake yi wa riga. Ya ce, "Shi katako ba a yi masa kalmasa, Dik." Na ce ya ci gaba da dariya, wandonsa na Sallah a hannuna yake. Da gangan na bar ginshiƙi na uku da tsawo don ya sake yi, amma kafin in kawo ya yi barci.

Cokali biyar.

Asabar Pon, 13 ga azumi, la'asar

Yu Parmi, yayarsa, ta kira daga ƙauye. An gaya wa Mbok yana tafe. Wai ta sa an share ɗakinsa, an shanya katifa, kullum tana tambayar kwana nawa ya rage. Ba a gaya mata sauran ba. Sai Yu Parmi ta rage murya ta ce tsohuwa ta tambaya ko tare da ni zai zo. Na ce ita ta ce mata me? Ta ce ta ce mata eh. Na ce ita tsohuwar ta ce me? Ta ce ba ta ce komai ba.

Ni ke nan nake farfasa farce ina haɗa motar da za ta kai mata ɗanta, ita kuma ba ta ce komai ba. Na ji haushi, kuma har yanzu ina ji. Na je na buga ƙusa goma sha biyu a inda huɗu suka isa.

Litinin Kliwon, 15 ga azumi, bayan azahar

Rufi. Kwanon ya huje a wuri shida, ga mahaɗa duk sun buɗe. Mas ya ce a narka kwalta a tsohuwar tukunya, a jiƙa ƙyalle a ciki a liƙe. Ƙyalle mai kauri ɗaya muke da shi, farin allon majigi. Na fito da shi daga buhu, har yanzu akwai facin da na yi masa a kusurwa shekarar da akuya ta ci gefensa. Na tambaye shi ko in yanka. Ya ce in yanka mana, me ake jira da shi. Amma da almakashi ya shiga sai ya juya fuska wajen bango.

Ina zaune a tsakar gida ina yayyanka farin yadi, matar Pak Ngadiyo ta shigo da kwanon ayaba da madarar kwakwa na shan ruwa. Tana ganina ta tsaya cak, ta fara salati. Na ce rufi nake liƙewa, ta shigo ko ta fita. Ta ajiye kwanon ta fita, ko sallama babu.

Kwalta ta ƙone ni a wuyan hannu. Ban ji zafin ba sai da na zo alwala.

Talata Legi, 16 ga azumi, da rana

Cokali uku. Ya ce gishiri ya yi yawa. Ban sa gishiri ba.

Laraba Pahing, 17 ga azumi, gab da shan ruwa

Inji ya tashi. Ya yi tari, ya yi tari, ya turnuƙe unguwa da hayaƙi, sannan ya kama. Pak Ngadiyo ya fito daga ƙarƙashi baƙi ƙirin yana cewa a shaida, ya ta da matacce da azumi a bakinsa. Mas ya ɗaga kai daga filo yana saurare, ya ce har yanzu tana wannan ƙarar ta hagu, yadda ya bar ta. Ban ga fuskarsa haka ba tun kafin watan jiya.

Da Pak Ngadiyo ya tafi Mas ya kira ni. Ya ce kada mu jira Sallah. Duk ranar da ɗaki ya haɗu mu kama hanya, ranar da ya isa ita ce Sallarsa. Na ce to. Ban tambaye shi dalili ba, shi ma bai faɗa ba.

Juma'a Wage, 19 ga azumi, hantsi

Saura gado, kuma shi ne aikin. Mas ba zai jure girgizar hanya ba, ko juya shi na yi sai ya cije leɓe. Shi ya kawo dabarar: kada gadon ya taɓa daɓe. A yanka tsohon tib na taya zare-zare, a rataye gadon da shi a ginshiƙai huɗu, ya riƙa lilo kaɗan-kaɗan maimakon ya buga. Ya ce haka yake rataye na'urar majigi a da, shi ya sa ba ta taɓa fashewa ba.

Na ce ta yaya zan san ya yi? Ya ce in cika kwano da ruwa fal in ɗora a tsakiyar katifa, in tuƙa in zaga filin ƙwallo ta hanyar nan mai ramuka in dawo. In ruwan bai zube ba, za ta iya ɗaukarsa.

Na wuni ina yanka roba. Yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa, da ƙyar nake riƙe biron nan.

Asabar Kliwon, 20 ga azumi, bayan la'asar

Mun gwada ni da Pak Ngadiyo. Ko filin ba mu kai ba kwanon ya kife, katifa ta jiƙe sharkaf. Mas ya ce robar gaba ta yi tauri, in rage zare biyu-biyu. Na rage. Gobe zan ɗora labule da fanka, jibi in sake gwadawa.

Cokali biyu, da ruwan kwakwa kaɗan.

Lahadi Legi, 21 ga azumi, bayan azahar

Ina cikin Kunkuru ina ɗora labule, tagar a buɗe, bai san ina jinsa ba. Yana waya da Yu Parmi. Ya tambaye ta ko har yanzu akwai wuri kusa da kabarin Babansu, ko an riga an ba wani. Ya ce ta sa a nome ciyawar. Ya ce abin da yake jira ke nan kawai, in goshinsa ya taɓa gwiwar Mbok shi ke nan, ya sauke. Ya ce ta samo wanda zai rako ni a dawowa, don hanyar da nisa ga mutum ɗaya.

Mutum ɗaya.

Na gama labulen. Ya yi kyau, ɗinki ai aikina ne. Na zauna a gadon da na rataye yana lilo da ni har aka kira la'asar. Ina tsoro. Ban taɓa jin irin wannan tsoron ba.

Litinin Pahing, 22 ga azumi, hantsi

Na gwada ni kaɗai, Pak Ngadiyo yana gareji. Na zaga filin na dawo.

Na ce masa ruwan ya zube. Ya dube ni, ya dubi katifar da na fito da ita shanya. Ya ce ba komai, in kwance robar duka in sake ɗaurawa daga farko.

Talata Pon, 23 ga azumi, bayan la'asar

Na kwance robar da safe. Ban yi sauri ba.

Yau ya ji daɗin jikinsa. Cokali huɗu, har ya nemi ɗan soyayyen tempe na waken soya ya tsotsa. Da rana ta yi zafi na bar aikin na zo na kwanta a gefensa a gadon gora, abin da ban yi ba tun da aka shiga azumi. Ya tuna mini ƙauyen nan da iska ta ɗauke allo ana tsakiyar kallo, mutum ɗari biyu suka bi shi cikin gonar shinkafa, suka dawo da shi duk laka suka ce a ci gaba a haka. Na ce ai shi ya ɗaure igiyar. Ya ce ni ce. Muka yi ta musu har ya gaji. Ya riƙe hannuna yana shafa ƙunar kwaltar, ya ce ya mai da tela kafinta, Allah ya yafe masa. Na ce ni ban yafe ba sai ya saya mini sabon akwatin tufafi.

Rana mai kyau ce. Ina so in rubuta cewa rana mai kyau ce.

Laraba Wage, 24 ga azumi, gab da magariba

Na gama ɗaurawa da la'asar. Pak Ngadiyo ya shiga baya ya zauna kusa da kwanon, na tuƙa. Ko ɗigo. Ya diro yana tafi, ya ce gobe da asuba sai Jawa. Na zuba mai, na shimfiɗa zani, na ɗaure tukunya da risho.

Mas ya ce in miƙo masa kalandar bango. Ya bi da yatsa, ya tsaya. Gobe Alhamis Kliwon ce, ranar da Babansu ya rasu. Duk kwana talatin da biyar take zagayowa, kuma ba wanda ke kama hanya ranar a gidansu. Shekara talatin da ɗaya ina dafa shinkafar sadaka duk ranar, ni ce mai tuna masa ma. Wannan karon ban ƙirga ba. Wallahi ban ƙirga ba.

Na ce mu tafi yanzu-yanzu, kafin rana ta faɗi. Ya leƙa waje ya ce ai ta riga ta faɗi, ga ladan nan yana gyara murya, Alhamis ta shigo.

Alhamis Kliwon, 25 ga azumi, da safe

Na roƙe shi. Na ce malamin masallacinmu ma ya sha faɗa cewa ranaku duk na Allah ne. Na ce ba wanda zai sani. Har durƙusawa na yi.

"Mbok za ta ƙirga, Dik. Shekara goma sha ɗaya ban je ba, sai in je mata da tafiyar Alhamis Kliwon? Kwana ɗaya ne. Rana na faɗuwa mu tafi."

Na dafa shinkafar sadakar na kai masallaci a ajiye wa masu shan ruwa. Bai karɓi ko cokali ɗaya ba.

Alhamis Kliwon, la'asar

Zazzaɓi tun azahar. Ya kira ni da sunan Yu Parmi. Ma'aikaciyar jinya ta zo ta duba shi, ta leƙa Kunkuru a tsakar gida da kaya a ɗaure, ta dube ni ta girgiza kai. Ta ce ko baranda kada a fito da shi.

Juma'a Legi, 26 ga azumi

Ba zan rubuta yau ba.

Asabar Pahing, 27 ga azumi, bayan azahar

Maza sun ɗauke shi da hantsi. An binne shi nan bayan masallaci, gefen gonar rogo. Na ce a kai shi kusa da Babansu, an nome wurin. Liman ya ce kwana biyu a hanya, ga cunkoson masu tafiya Sallah a bakin teku, ba a yi wa mamaci haka. Ban yi musu ba. Ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba, ban yi musu ba.

Sai da aka tura Kunkuru gefe kafin makara ta samu hanyar fita.

Litinin Wage, 29 ga azumi, hantsi

Mata na ta shigowa da kwanuka. Kowa cewa take na yi iyakar ƙoƙarina, ba matar da za ta yi abin da na yi. Pak Ngadiyo ya ce kwana ɗaya tak ya hana, Allah bai nufa ba. Ya tambaya ko ya cire batirin don kada ya mutu. Na ce ya yi yadda ya ga dama.

Laraba Legi, ranar Sallah, bayan an sauko idi

Yu Parmi ta kira. Har yanzu ba su gaya wa Mbok ba, wai sai an ci Sallah, suna tsoron zuciyarta. Sun ce mata motar ce ta ƙi gyaruwa. Tun safe tana zaune a kujerarta, jikoki suna durƙusawa ɗaya bayan ɗaya, ita idonta na ƙofa. Ina jin hayaniyar gidan, sai Yu Parmi ta ce tsohuwa na son magana da ni. Kafin in ce a'a ta miƙa mata.

Muryarta ta ƙanƙance. Shekara goma sha ɗaya ban ji ta ba.

"Tumirah, 'yata, an ce ke kike gyaran motar da hannunki. Sannu. Tsohuwar mota haka take, kada ku damu kanku. Ki ce masa in ta gyaru ya zo ko bayan Sallah ne, gwiwata ba inda za ta. Ke ma ki zo."

Na ce to, Mbok.

Ran Litinin ruwan bai zube ba. Na zaga filin sau biyu, na bi ramukan da gangan, na tsaya na shiga baya na tarar da kwanon fal yadda na cika shi. Da hannuna na karkata shi a kan katifar. Da mun tashi ran Talata da asuba, da Laraba da yamma yana gabanta, da hankalinsa, da bakinsa.

Kwana biyu kawai na so a ƙara mini da shi. Kuma na samu.